Ka Sayi Tsohuwar Mota, Rajista Ta Gagara: Ga Inda Gizo Ke Saƙar

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu son ajiyewa su sake dubawa.

Yau maganar mota za mu yi. Sabuwa dal ta kamfani dai mun bar wa masu hannu da shuni. Motar da yawancinmu ke iya saye nake nufi: 'yar Kwatano, ko Beljiyam, ko kuma ta hannu wadda ta zaga gari, ta bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ta iso gare ka. Su Golf 3, Sharon, Vectra, Fijo 406, tsohuwar Corolla. Matashi ya shekara biyu yana tari, ko ya kwashi adashe, ko an raba gado ya samu ɗan abin da ya samu, ya sayi mota don ya riƙa haya ko ya huta da hawan Adaidaita. Ranar da aka miƙa masa makulli sai ya ga kamar ya gama. Ashe ranar aka fara. Ya je mayar da takardu sunansa, a ce ina takardar Kwastam. Ya kawo, a ce lambar inji ba ta yi daidai ba. Ya gyara wannan, a ce sai ya zo da wanda sunansa ke jikin takarda, mutumin kuwa ya shekara biyar da rasuwa.

To me ke jawo wannan? Abin da nake so ku riƙe daga shirin yau shi ne: a wurin hukuma, mota tarihi ce. Ta ina ta shigo ƙasa, wa ya fara mallakarta, wa ya sayar wa wa, me aka canza a jikinta. Duk shekarar da mota ta ƙara a hanya, akwai yiwuwar wani shafi na tarihin nan ya ɓata. Wanda ya saya a ƙarshe kuwa shi ke biyan bashin duk waɗanda suka gabace shi.

Bari mu fara da su wa ke riƙe da me, don yawancin ɓacin rai daga nan yake farawa. Kai kana ganin gwamnati ɗaya ce, amma motarka aƙalla hannu biyar ne ke kanta.

Kwastam, ta tarayya ce, ruwanta da kuɗin fito, wato dutin da aka biya lokacin shigo da mota. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke riƙe da rumbun bayanan lambobin mota na ƙasa. Amma rajistar kanta, da lasisin mota da ake sabuntawa duk shekara, aikin jiha ne, ana yi a ofishin lasisi da ke ƙarƙashin hukumar tara haraji ta jihar. Sai jami'an VIO, masu duba lafiyar mota su ba da takardar cewa ta cancanci hawa titi. Sai 'yan sanda da nasu kundin na motoci, musamman saboda na sata. Ga kuma kamfanin inshora a gefe. Idan a Kano kake, ga KAROTA a kan titi. Idan Kaduna ce, ga KASTLEA. Kowa da tambayarsa, kowa da takardar da yake nema, kuma amincewar ɗaya ba ta ɗaure ɗaya. Shi ya sa za ka iya riƙe lasisi mai kyau da lamba mai kyau, amma Kwastam su tsare ka a hanyar Zariya su ce motar ba ta biya duti ba. Ba su ƙaryata lasisinka ba, wani shafin daban suke karantawa.

Mu ɗauki shafin Kwastam ɗin, tunda shi ne mafi tsada idan ya ɓaci.

Duk motar da aka shigo da ita bisa ƙa'ida tana da takardar shigowa da ake kira SGD, a jikinta akwai wata lamba mai farawa da harafin C, da shekarar da aka biya, da ofishin da aka biya. Da waɗannan ukun ake tantancewa a ofishin Kwastam ko da gaske an biya. Matsalar Arewa ita ce, shekara da shekaru motoci da dama ba ta tashar jiragen ruwa ta Legas suke zuwa mana ba. A Kwatano ake sauke su, a bi da su ta Nijar, a shigo ta wajen Maraɗi ko Ƙonni, wasu ta ƙofa, wasu ta daji. A watan Disamban 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2017. Don haka idan aka nuna maka takardar da ke cewa an biya wa mota duti a wata iyakar ƙasa a 2018, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Akwai kuma wata dabara da aka daɗe ana yi: a rage wa mota shekaru a takarda. Motar 2010 a rubuta ta 2005 don a biya kuɗi kaɗan. Takardar ta gaske ce, an biya kuɗi, amma ba a biya daidai ba, kuma ranar da aka gano, wanda motar ke hannunsa shi za a bi cikon. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2022 Kwastam ta koma kimanta duti da lambar VIN, wato lambar casis, har masu fiton kaya a Legas suka yi yajin aiki a kai. Sannan doka ta ƙayyade shekarun motar da za a iya shigowa da ita: a da shekara 15 ne daga ƙira, daga baya aka mayar 12. Wannan dokar ta shigowa ce, ba ta hana ka hawan tsohuwar motar da ta riga ta shigo bisa ƙa'ida ba. Amma tana nufin idan mota ta tsufa sosai kuma aka ce maka "sabuwar shigowa ce", to ka yi tambaya da kyau.

Wasunku za su tuna rikicin 2017, lokacin da shugaban Kwastam na wancan lokaci, Kanal Hameed Ali mai ritaya, ya ba masu motoci wata ɗaya, daga 13 ga Maris zuwa 12 ga Afrilu, su je su tantance dutinsu su biya idan ba a biya ba. Ƙasa ta ɗauka, Majalisar Dattawa ta kira shi, aka koma rigimar sai ya zo da kaki, daga ƙarshe aka dakatar da shirin. A Maris ɗin 2024 an sake buɗe ƙofa ta kwana 90 don masu irin waɗannan motoci su gyara takardunsu. Abin lura a nan: shekara bakwai tsakani, matsalar na nan, kuma sau biyun duka mai mota aka ce ya zo ya biya, ba wanda ya yi fasa-ƙwaurin ba.

Shafi na biyu: wa ya sayar wa wa.

A nan, gaskiya, mu ma da namu laifin. Yadda muke cinikin mota a Arewa, yarda ce ke gaba. Dillali ya haɗa ku, a yi "sallama", a tafa, a tura kuɗi, a miƙa makulli da wata tsohuwar ambulan mai takardu. Wanda ya saya bai canza suna ba saboda yana ganin ɓarnar kuɗi ce, ya ci gaba da sabunta lasisi da sunan mai motar na farko. Bayan shekara biyu ya sayar wa wani, shi ma haka. Kafin ta iso gare ka, sunan da ke jikin takarda na wani ne da ba ka taɓa gani ba, wataƙila ma a Legas ko Fatakwal yake.

Jami'in da ke ofishin lasisi abin da yake nema shi ne igiyar da ta haɗa wancan sunan da naka. Yarjejeniyar ciniki mai sa hannun mai saye da mai sayarwa da shaidu, rasit, takardar rantsuwa daga kotu, sau da yawa har da rahoton 'yan sanda da ke nuna ba a cigiyar motar. Idan igiyar ta tsinke a tsakiya, da me zai bambance ka da wanda ya sayi motar sata? Shi bai san ka ba, takarda ya sani. Kuma ku sani, karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa. Ko da ka tsira daga tuhuma saboda ba ka sani ba, motar za ta koma wurin mai ita, kai kuma ka shiga neman dillali.

Mai sayarwa ma bai tsira ba. Lambar mota na ɗaure da sunan wanda ya yi rajista. Ka sayar da mota ka bar lambarka a jiki, aka je aka buge mutum da ita aka gudu, ko aka yi wani mugun aiki, ƙofar gidanka za a fara ƙwanƙwasawa.

Sai motar gado. Mahaifi ya rasu ya bar mota, 'yan'uwa suka ce wane ya riƙe. Shekaru suka tafi, aka tashi sayarwa ko canza suna. Mamaci dai ba ya sa hannu. Dole sai an kawo shaidar rasuwa da takardar kotu da ke nuna yadda aka raba gado da wanda motar ta faɗa wa, ko izinin magada. Idan kai ne mai saye, ka tabbata duk magada sun yarda, kar bayan ka biya wani ya taso daga Saudiyya ko Libiya ya ce da rabonsa a ciki.

Shafi na uku yana jikin motar kanta.

Tun daga 1981 aka daidaita lambar VIN ta zama haruffa da lambobi 17. Ba a sa harafin I, ko O, ko Q a ciki, don kar a rikita su da 1 da 0. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka kuskure: idan ka ga O a lambar casis da aka rubuta a takardarka, to wani magatakarda ne ya kwafa ba daidai ba, wataƙila shekara goma sha da suka wuce, kuma kwamfuta ba za ta yafe ba. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, gurbi na goma yana nuna shekarar mota: 5 na nufin 2005, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B 2011. Da wannan kai da kanka za ka gane ko an rage wa mota shekaru a takardar Kwastam. Motocin da suka girmi 1981 kuwa, da wasu da aka ƙera don cikin Japan kawai, lambarsu ba ta kai 17 ba, sai ka ga fom ɗin kwamfuta ya ƙi karɓa, a yi ta tura ka daga tebur zuwa tebur.

Sai inji. Wace tsohuwar mota ce a ƙasar nan ba a taɓa sauke mata inji ba? Inji ya buga, a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo wani, bakanike ya ɗora, shi ke nan. Babu wanda ya tuna cewa inji na da lamba, kuma lambar tsohon ce a takarda. Haka fenti: mota ta shigo baƙa, aka mayar da ita ruwan toka, ko aka yi mata kalar haya. Ko ta yi haɗari, mai walda ya yanke gaba ya jona wani, ya haɗa da wurin da aka buga lambar casis. Duk waɗannan halal ne, amma a idon mai dubawa kamanninsu ɗaya da abin da ɓarayin mota ke yi don ɓatar da sawu. Abin da zai raba ka da zargi shi ne rasit ɗin injin da ka saya, da sanar da ofishin lasisi a gyara takarda tun a lokacin.

Shafi na huɗu: tsohuwar takarda da sabuwar kwamfuta.

A 2011 aka fito da sabuwar lambar mota mai taswirar Najeriya, wadda ke farawa da haruffa uku na ƙaramar hukuma, kamar DAL na Dala ko FGE na Fagge. A tsohuwar lamba haruffa ukun a ƙarshe suke. Motoci da yawa da aka yi wa rajista kafin nan, bayanansu a fayil ɗin takarda suke, a wani ɗaki da ƙura da gara suka sha. Idan aka buga lambar a kwamfuta ba a gan ta ba, sai a ce maka ka sake rajista daga farko, wato a koma tambayarka takardar Kwastam ta motar da ta shigo tun kana firamare.

A wannan gaɓar ce 'yan "kawo in yi maka" ke cin kasuwarsu. Za ka same su a bakin kowane ofishi. Wasu na aikin gaskiya, suna rage maka zirga-zirga. Wasu kuwa za su kawo maka lamba mai sheƙi da takardu masu hatimi cikin kwana biyu, amma babu ko ɗaya a rumbun hukuma. Ba za ka sani ba sai ranar sabuntawa, ko ranar da aka sace motar ka je kai rahoto aka ce ba a san da ita ba. FRSC na da shafin tantance lamba a intanet, ana kiran tsarin NVIS. Ka buga lambar, zai nuna maka ko tana cikin rumbu da irin motar da aka ba wa ita. Idan Corolla ce a gabanka shafin ya ce Sharon, ka san sauran.

Inshora ma haka. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar NAICOM ta mayar da kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiya kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Don haka duk wanda ya ce zai yi maka ta dubu uku, takarda kawai ya buga maka. Ana duba sahihancinta a rumbun NIID na kamfanonin inshora. Kuma tun 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka fara matsa lamba a kanta.

Yanzu, kar a ce mun wanke hukuma tas. Akwai ɓacin ran da mai mota ke da gaskiya a kansa. Na ɗaya, dokoki na yawan canzawa. A 2021 aka kawo rajistar VREG ta ma'aikatar kuɗi. A 2023 aka zo da sabunta shaidar mallakar mota duk shekara kan naira 1,000. A Yulin 2024 'yan sanda suka sa ranar fara kama marasa rajistar e-CMR, jama'a da lauyoyi suka yi ca, Sufeto Janar na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya dakatar. Duka dai bayani ɗaya ake nema, lambar casis da sunan mai mota, amma kowace hukuma na son nata rumbun da nata kuɗin. Na biyu, "babu netwok" da "oga bai zo ba" na cinye wa mai neman na abinci yini guda, direban haya kuwa yini ɗaya balas ne da cefane. Na uku, idan ba a manna farashi a bango ba, kowa da abin da za a faɗa masa gwargwadon shigarsa. Wahalar hanyar gaskiya ita ke tura mutane hannun 'yan damfara. Da hukumomin nan za su haɗa rumbunsu, mai saye ya buga lamba ɗaya ya ga duti da mallaka da cigiya a wuri guda, da rabin rigimar nan ta kau.

Kafin a kai can, me ya rage mana? Rigakafi, wanda aka ce ya fi magani. Yadda kake zuwa da bakanike ya saurari inji, haka za ka duba takardu kafin ka tura ko sisi.

Ka duba lambar casis da idonka a jikin mota, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, da inda aka buga ta a ƙarfe. Ka gwada da ta takarda harafi bayan harafi. Ka ga alamar walda ko sabon fenti a wurin, ka ja da baya. Ka duba lambar inji. Ka ɗauki lambar C ta takardar Kwastam ka je ofishinsu a tantance, kai da kanka, kar dillali ya ce zai je maka. Ka buga lambar mota a shafin FRSC. Ka nemi ganin wanda sunansa ke takarda, in babu shi a nuna maka yarjejeniyar kowane ciniki da aka yi a tsakani. Ku rubuta taku yarjejeniyar, da lambar casis da ta inji a ciki, da shaidu biyu, da kwafin katin shaidar mai sayarwa. Ka biya ta banki don a samu sawu. In da hali, ka riƙe wani kaso na kuɗin sai an gama canza suna. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Kuma idan aka ce maka "motar lafiya lau, takarda ce kawai babu, shi ya sa aka rage kuɗin", ka tuna araha ba ta ado. Abin da aka rage maka, shi za ka biya ninki a gaba.

Wanda kuma ya riga ya saya fa? Kar ka ƙara rami a kan rami da sayen takardar bogi, don rashin takarda matsala ce, takardar jabu kuwa laifi ne. Ka nemo wanda ya sayar maka tun yana da rai kuma lambarsa na shiga, ku rubuta yarjejeniya ko da an makara. Takardar da ta ɓata, ka yi rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu. Inji ko kala da aka canza, ka je a gyara a takarda. Duk kuɗin da za ka biya, ka nemi rasit na gwamnati. Idan matsalar duti ce, ka je Kwastam da ƙafarka ka ji yadda za a daidaita, ya fi a tsare ka a hanya da iyali a cikin mota. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a waya. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

'Yan'uwa mata masu sayen mota, ku ma ku tabbata sunanku ne a takarda, ba na ƙani ko direba ba. Zumunci daban, mallaka daban.

A nan za mu dakata. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ya ba mu labari a ƙasa, a wace jiha ce kuma ta yaya ya fita, amma don Allah ban da kama suna. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin sayen mota. Allah Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya tsare mu a hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.